Kewaya Birnin Faris Bisa Keken Lantarki

 Maganar wannan mako a kan keken lantarki ta ke, wanda ya fara shigowa kasuwannin Arewa tun da man fetur ya yi tsada, har ana ta tambaya ko abin saye ne ko abin gudu. Hanyar sanin halin kowane abin hawa ita ce a dube shi a inda ya daɗe, ya zauna da gindinsa. Saboda haka za a ba da labarin Faris, babban birnin Faransa, inda ya zama al'ada mutum ya ɗauki irin wannan keke ran Assabar da Lahadi ya kewaya gari don buɗe ido. Wanda ya bi labarin zuwa ƙarshe zai ga daɗin wannan yawo bisa abu uku ya dogara: hanya da aka keɓe, da doka da aka tsayar, da amanar mai sayarwa. Attajiri yana iya cika kwantena da kekuna ya kawo, amma waɗannan uku ba sa shiga kwantena.

Siffar Keken

Da farko a san abin da dokar ƙasashen Turai ta ke kira keken lantarki. Keke ne kamar wanda kowa ya sani, da feda da sarƙa da sirdi da birki, sai dai an sa masa ɗan inji a cibiyar taya ko a gindin feda, da batir ɗaure a jikin ƙarfen. Akwai wata 'yar na'ura a ciki mai lura da ƙafar mahayi. In ya taka feda, inji ya ƙara masa ƙarfi. In ya naɗe ƙafa, inji ya yi shiru. Watau dai tashi in taimake ka. Ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma da gudu ya kai kilomita 25 a sa'a guda sai ya janye hannunsa, ya bar mahayi da ƙafarsa. Duk wanda ya haura wannan haddi, ko wanda a ke murɗa wa hannu ya tafi ba da feda ba, doka ba ta kiransa keke. Babur ne, sai da lamba da inshora da hular kwano.

Batirin da aka fi sa musu na lityum ne, dangin wanda ke cikin wayar hannu, sai dai ya fi girma nesa. Matsakaicinsa yana ɗaukar wajen rabin yunit na wutar mita, watau abin da dutsen guga mai wat 1,000 zai sha cikin rabin sa'a. Da wannan 'yar wuta mutum ya kan ci kilomita 50 ko fiye, gwargwadon nauyinsa da tudun hanya da iska da yawan taimakon da ya nema. Cika shi ya kan ɗauki sa'a 4 zuwa 6. Keken kansa ya fi na gargajiya nauyi, ya kan haura kilo 20, don haka wanda batirinsa ya ƙare a tsakiyar hanya zai isa gida yana gumi.

Baƙo a Faris ba sai ya mallaki nasa ba. Tun watan Yuli na 2007, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, aka kafa kekunan haya na jama'a masu suna Vélib', a 2018 kuma aka sabunta su aka shigo da masu lantarki. Yawansu wajen 20,000 ne, a tashoshi fiye da 1,400 cikin birni da garuruwan da ke manne da shi. Koraye na ƙafa ne zalla, shuɗɗa su ne masu batir, su ne kuwa kimanin huɗu cikin goma. Ba mai tsaro a tashar. Mutum ya biya da katin banki ko ta wayarsa, kuɗin yini ɗaya ko na kwana uku, ya zare keke daga maƙalinsa ya tafi, ya mayar a tashar da ya ga dama. Birnin ba shi da faɗi ainun, daga arewa zuwa kudu bai cika kilomita 10 ba, ko da ya ke mutanensa sun ɗara miliyan 2. Kwana biyu sun isa a kewaya shi.

Ran Assabar

Assabar ranar kasuwanni ce, sai a nufi arewa. Mai yawo ya tashi daga dandalin Bastil, gurbin kurkukun nan da mutanen gari suka fasa a 1789. Ya bi wani faffaɗan titi wanda ruwa ke gudana a ƙarƙashinsa ba a gani, har inda ruwan ya fito fili, watau magudanar San Martan, wadda aka haƙa aka buɗe a 1825, mai tsawon kilomita 4 da rabi. Tana da matakai tara masu ƙyamare inda a ke ɗaga jirgin ruwa ko a sauke shi, gama ƙasar tana hawa ne sannu a hankali. Wanda ke cikin mota ba ya sanin ana hawa, mai keken ƙafa ya kan ji a cinyarsa, mai na lantarki kuwa yana gani da ido yana wucewa da numfashinsa daidai.

Daga ƙarshen magudanar ya juya yamma zuwa Barbes, inda kasuwa ke ci Laraba da Assabar da safe a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Bayanta akwai unguwar Shato Ruj, matattarar mutanen Afirka. Nan a ke samun atamfa da shadda da leshi, da manja da busasshen kifi da kuɓewa da doya, ga teloli a shagunansu, har wanda ya saba da Kantin Kwari ba zai ji baƙunci ba. Lungunan akwai ƙunci da cunkoso. Mai mota ya kan sha wuya kafin ya sami wurin ajiyewa, mai keke kuwa ya maƙale nasa a tasha, ya shiga ya taya, ya fito ya zari wani.

Sa'an nan sai babbar jarrabawa, watau dutsen Monmartar, tudun da ya fi kowane bisa a birnin, mita 130 daga bakin teku, wajen mita 100 daga fuskar kogi. Hanyar hawansa, titin Lepic, shimfiɗe ta ke da duwatsu, tana murɗewa tana hawa. Ita aka sa gwanayen tseren keke na duniya suka hau a wasannin Olamfik na 2024, da kuma ranar ƙarshe ta babban tseren Faransa a 2025. A zamanin da kekunan haya duk na ƙafa ne, tashoshin kan tudu su kan zama wayam, domin kowa na son gangarowa, ba mai son hawa, har sai da aka riƙa ɗebo kekuna a mota ana mayarwa, ana kuma ƙara wa wanda ya hau da kansa 'yan mintoci kyauta. Yanzu dattijo mai shekara 60, ko mai ƙiba, ko wanda gwiwa ta fara damunsa, yana hawa a zaune bisa sirdi. Babban amfanin injin ke nan: ya mayar da keke ga waɗanda shekaru ko rauni suka raba da shi.

Daga kan dutsen ana ganin birnin duka shimfiɗe kamar tabarma. Mai yawo ya gangara ta arewa, hannu bisa birki, gama keke mai nauyi ba ya tsayawa da wuri, har ya isa wurin da a ke kira Ƙofar Clignancourt. Babu ƙofa a wurin, suna ne ya rage. Faris ma birni ne mai ganuwa a da can. Ta ƙarshe an gina ta tsakanin 1841 da 1844, aka rushe ta bayan Yaƙin Duniya na Farko, daga baya aka shimfiɗa babban titin motoci mai kilomita 35 a gefen gurbinta, aka gama shi a 1973. Da ƙetare wannan titi sai kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, wadda ke cikin mafiya girma a duniya, mai ci Assabar da Lahadi da Litinin, inda a ke sayar da tsofaffin kujeru da agoguna da dardumai da tufafi. Kafin faɗuwar rana mai yawo ya komo masauki, ya ci wajen kilomita 20, bai ƙona ko cokali ɗaya na mai ba.

Ran Lahadi

Lahadi ranar kogi ce da littattafai. Daga Bastil ya haye kogin Sen zuwa Cibiyar Ƙasashen Larabawa, wadda aka buɗe a 1987, mai ɗakin karatu da gidan tarihi. Gaba kaɗan, a gefen babban lambun tsirrai, akwai Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu cikin rundunar Faransa a Yaƙin Duniya na Farko. Gininsa irin na Magrib ne, hasumiyarsa mita 33. Sa'an nan ya komo bakin kogi, inda masu sayar da tsofaffin littattafai su ke da akwatuna koraye wajen 900 kafe bisa katangar gaɓa, sana'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin. A tsibirin tsakiyar kogin ga majami'ar Notar Dam, wadda gobara ta ci rufinta cikin Afrilu 2019, aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

Daga nan ya hau titin Riboli, wanda ya tsaga tsakiyar birni daga gabas zuwa yamma. Kafin 2020 titin nan cike ya ke da motoci da hayaƙi. A shekarar annobar korona hukumar birni ta hana yawancin motocin gida binsa, ta ba kekuna mafi yawan faɗinsa, ta bar wa bas da tasi da masu kai kaya gefe guda, bayan annoba kuma ba a mayar da shi yadda ya ke ba. Daura da Lubur, tsohuwar fadar sarakunan Faransa wadda ta koma gidan tarihi, akwai wani ɗan titi mai suna Valois. A cikinsa ne, a watan Afrilu na 1881, wani gwanin ƙira mai suna Gustave Trouvé ya gwada keke mai ƙafa uku wanda ya sa wa inji da batir. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, za a komo kanta.

Tafiyar minti kaɗan daga nan, a titin Richelieu, akwai tsohon gidan littattafai na ƙasar Faransa, inda ya kamata malami ya tsaya ko da a bakin ƙofa ne. A cikinsa a ke ajiye da littattafan Segu, mujalladi fiye da 500 na rubutun hannu, waɗanda Archinard, shugaban sojan Faransa, ya kwashe a 1890 daga gidan Amadu ɗan Alhaji Umaru Futi. Alhaji Umaru ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, shi ya sa cikin waɗannan littattafai akwai wallafe-wallafen malaman Sakkwato. Dubban baƙi su kan wuce ta ƙarƙashin unguwar cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba su san abin da ke bisa kansu ba. Mai keke yana tafiya da gudun da ido ke iya karanta allon kan ƙofa, tsayawa kuma ba ta ci masa kome.

A dandalin Konkod ga wani dogon dutse sassaƙaƙƙe mai rubutun mutanen Fir'auna, wanda ya fi shekara 3,000, kyautar Muhammadu Ali na Masar, an kafa shi a nan a 1836. Daga gindinsa titin Shanzelize ya miƙe, wanda tun 2016 a kan rufe wa motoci ran Lahadin farko na wata. Sa'an nan Hasumiyar Ifel ta 1889, mai mita 330. Komowa kuwa ta gaɓar kogi ce, bisa hanyoyin da a da can na motoci masu gudu ne, aka karɓe su aka ba masu ƙafa da masu keke, na gaɓar hagu a 2013, na gaɓar dama a 2016. A nan za a ga tsoho da jikansa, da mace ɗauke da 'ya'ya biyu cikin akwatin gaban keke, ba mai waiwaye don tsoron mota.

Abin Da Ya Sake

To, a komo kan 1881. Keke mai batir ya yi tafiya a titin Faris shekara fiye da 140 da suka wuce, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya fara sayar da irin mai taimakon feda tun 1993. Amma da wani ya ɗauki irinsa a shekarun nan ya ce zai yi wannan yawo, da ya yi shi ne da ransa a hannu tsakanin bas da manyan motoci. Garin ne ya sake. Bayan Delanoë, Anne Hidalgo, wadda ta zama magajiyar gari a 2014, ta ci gaba da aikin. A 2021 aka ware Yuro miliyan 250 don kilomita 180 na hanyoyin keke masu shinge, a watan Agusta na shekarar kuma aka mayar da iyakar gudun mota kilomita 30 a sa'a a yawancin titunan birni. Binciken da cibiyar tsara birane ta yankin ta fitar a 2024 ya nuna cewa a cikin birnin tafiya 11 cikin 100 bisa keke a ke yinta, ta mota kuwa 4 kacal.

Dokar ba a kan mai mota kaɗai ta tsaya ba. Mai keken da ya tsallake danja, ko ya hau gefen masu tafiya a ƙasa, ko ya tuƙa da waya a hannu ko abin sauraro a kunne, tararsa Yuro 135. Tun 2017 yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya hawa sai da hular kwano. Tun 2021 kowane sabon keke da kanti ya sayar sai da lambar shaida a jikinsa, rubuce a rajista tare da sunan mai shi, don a rage sata. Wanda ya kwance wa inji takunkumi don ya zarce haddin gudu ya yi laifi mai tara mai nauyi.

Adalci ne kuma a faɗi kukan da aka yi, gama ba kowa ya yi murna ba. Waɗansu masu kantuna sun ce abokan cinikinsu masu motoci sun ɗauke ƙafa. Magina da masu gyaran famfo da ke shigowa daga bayan gari da kayan aiki sun ce an ƙuntata musu, har an kai hukumar birni kotu kan rufe gaɓar dama. Tsofaffi suna kuka da mahayan da ke wucewa ta gefensu ba ƙararrawa, alhali keken lantarki ba shi da ƙara, ga nauyi ga sauri. Shinge ma ba ya koyar da haƙuri. A Oktoba 2024 wani direba ya take wani saurayi mai keke ɗan shekara 27 bayan sun yi sa-in-sa, ya mutu, aka gurfanar da direban bisa tuhumar kisa. Mutanen Faris sun kuma nuna iyakar haƙurinsu cikin Afrilu 2023, da aka tambaye su game da 'yan ƙananan abin hawan nan na haya masu batir waɗanda a ke tsayawa a kansu, a kan yasar da su ko'ina a bakin hanya. Waɗanda suka fito ƙuri'a kaɗan ne, amma kusan tara cikin goma suka ce a kawar da su, aka kuwa kawar a Satumba. Abin da ya shigo gari ba da ladabi ba, gaba ɗaya a ke korarsa, da mai laifi da marar laifi.

Maganar Batir

Sauran magana ta batir ce, ita ta fi shafar 'yan kasuwa. Batirin lityum in ya sha duka, ko aka cika shi da cajar da ba tasa ba, ko aka harhaɗa shi daga tsofaffin ƙwayoyi, yana iya kamawa da wuta daga cikinsa, wuta mai tashi cikin ƙiftawar ido da hayaƙi mai guba, wadda bokitin ruwa ba ya kashewa. A birnin Niyu Yok na Amurka, a 2023 kaɗai an ƙidaya gobara 268 daga irin waɗannan batura, mutum 18 suka rasu, a shekarar kuma hukumar birnin ta hana sayar da wanda ba shi da shaidar gwaji. A Nanjin ta ƙasar Sin, cikin Fabrairu 2024, wuta ta tashi daga inda a ke ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani dogon bene, ta ci mutum 15. Zafi kuwa abokin gabar batir ne, yana rage masa kwana yana kusantar da shi ga wuta. Ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 da bazara, kasuwanninta kuma rumfuna ne manne da juna cike da yadi da roba, ita ta fi kowa bukatar jin wannan. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Abin Da Ya Rage Ga Mutanen Arewa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya kusan ninka uku cikin 'yan kwanaki, mutane suka shiga neman abin hawan da ba ya shan mai. Keke kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Raleigh ya kai 'yan koli kasuwannin ƙauye, ya kai malamai ziyara, tun kafin babur ya yawaita. Kano da Katsina da Maraɗi shimfiɗaɗɗun garuruwa ne. Abin da ke karya mai keke a cikinsu rana ce da nisa da nauyin kaya, su ne kuwa inji ke sauƙaƙawa, rabin yunit na wuta kuma ba ya gagarar faranti ɗaya ko biyu na hasken rana. Amfanin a bayyane ya ke. Saura sharuɗɗa.

Sharaɗin farko a wuyan attajiri ya ke. Batir abu ne mai ƙidayayyen kwana, bayan cikawa da ƙarewa sau ɗaruruwa sai ya fara sanyi, shi ne kuma mafi tsada a jikin keken. Mai saye ba ya ganin cikinsa, kamar yadda ba ya ganin tsakiyar buhun da aka ɗinke, saboda haka cinikin duka bisa amana ya ke. Mai shigo da kaya ya nemi takardar gwajin batir tun can wurin saro, ya sayar da kowane keke tare da cajarsa, ya kawo taya da birki da batir na canji don kada abin ya zama gawa a zaure bayan shekara guda. Ya faɗa wa mai saye nisan da batir ke kaiwa da gaske cikin rana da kaya, ya kuma kira babur babur ko da an liƙa masa feda. Wanda ya sa tsohon batir cikin sabon kwali ya yi algus, algus ɗin da ke iya ƙone gida da mutanensa. Mai saye shi ma ya tuna araha ba ta ado. Kada a bar batir bisa caji cikin rumfa an kulle da dare, ko a zauren da shi ne kaɗai mafita, ko a ɗakin da yara ke kwana.

Sharaɗi na biyu a wuyan malamai da iyaye ya ke, gama yara a hannunsu su ke, jama'a kuma na jin maganarsu. Ƙarfe mai kilo 20 da ke gudun kilomita 25 shiru ba abin wasan yaro ba ne cikin lungun da tsoho da makaho da 'yar talla ke bi. A koya wa mai hawa haƙƙin hanya tun ranar da ya fara: ya kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ya sauka ya ja da hannu in jama'a ta yi yawa, ya kunna fitila da almuru, ya tattare babbar rigarsa kada ta shiga sarƙa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sharaɗi na uku na hukuma ne. An ga yadda acaɓa ta cika Kano ba tare da cikakkiyar rajista ba, da matsalar tsaro ta zo cikin Janairu 2013 sai aka hana ɗaukar fasinja a babur gaba ɗaya, masu gaskiya da yawa suka rasa abincinsu tare da miyagu. Yanzu da keken lantarki bai cika gari ba, yanzu ne lokacin bambanta shi da babur a doka, da sa masa haddin gudu da lambar shaida, da tsare batir marar gwaji tun daga bakin iyaka. Game da hanya kuwa, ba sai an jira miliyoyin Yuro ba. Faris kanta ta yi shekaru tana rufe gaɓar kogi ran Lahadi kaɗai kafin ta rufe ta dindindin.

Kano tana da abin da Faris ta rasa, watau sauran ganuwa da ƙofofinta, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce. Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Mata da Wambai da Mazugal da Ƙofar Ruwa, a kewayo ta Waika da Kansakali da Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya, a komo ta Na'isa da Ɗan Agundi, yawo ne da dattijo zai iya bisa keken lantarki tsakanin hantsi da azahar, in da za a keɓe masa gefen titi na 'yan sa'o'i da safiyar ranar hutu, da fenti da duwatsu da mai ba da hannu. Yaran da suka kewaya ganuwa da ƙafarsu bisa feda za su san inda ta zube da inda aka yanke ta aka yi gini, za su kuma tambayi dalili. In aka ƙyale ta, wata rana sunayen ne kaɗai za su rage, kamar Ƙofar Clignancourt.

Kwantenoni suna kan hanya ko an shirya ko ba a shirya ba. Attajiri ya gyara kayansa, malami ya hori yaransa, hukuma ta tsayar da doka ta keɓe hanya tun kekunan suna ƙidayuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.